Tsamiya: Tarihin Alharinin Daji da Sana'arsa

Tsamiya suna ne na abu uku a bakin Bahaushe. Akwai itaciyar da kowa ya sani, mai 'ya'ya masu tsami da ake dama kunu da su. Akwai wani zare mai ƙarfi, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Akwai kuma ita kanta rigar da aka saƙa, ko aka yi wa ado, da wannan zare. Itaciyar ce ta ara wa sauran biyun suna, domin daga gidan wata tsutsar daji ake samun zaren, kuma ganyen tsamiya na cikin abin da tsutsar take ci. Wannan zare alharini ne na gaskiya, ɗan'uwan wanda ake kawowa daga ƙasar Sin, sai dai shi ba a taɓa kiwon tsutsarsa a gida ba. A daji ake tsintarsa, kuma a kan wannan tsintuwa aka gina sana'ar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana haɗa mutanen ƙauye da matan kulle da maɗinka da fadar sarki.

Ƙwaron da ke haifar wannan tsutsa yana kama da malam-buɗe-littafi, amma ba shi ba ne. Yana cikin dangin masu tashi da dare, waɗanda ake kira faɗa-wuta saboda yadda suke rububin fitila. Masana ilmin ƙwari suna kiran zuriyarsa Anaphe, sunan da wani Bature mai suna Francis Walker ya raɗa mata a 1855, tare da wata zuriyar da ke kusa da ita ƙwarai mai suna Epanaphe. Fukafukansa farare ne masu ɗan rawaya, da zane-zane masu ruwan ƙasa a kai, kuma idan ya buɗe su ba su kai faɗin tafin hannu ba. Babu wani kyau a jikinsa da zai sa a tsaya kallonsa. Rayuwarsa ma gajeriya ce: bakinsa bai ginu don cin abinci ba, saboda haka kwanaki kaɗan yake yi, ya yi barbara, macen ta saka ƙwai, shi ke nan. Duk cin da wannan halitta za ta yi a duniya tana yin sa ne a lokacin da take tsutsa.

A Afirka kaɗai ake samun wannan zuriya, kudu da Sahara. Ta bazu daga Afirka ta Yamma zuwa kurmin Kwango, ta bi ta Yuganda da Kenya da Tanzaniya, har ta kai Afirka ta Kudu. Ba iri ɗaya ba ce, kuma kowane iri yana da itatuwan da ya fi so, abin da ya sa taswirar tsutsar ta zama taswirar itatuwan. A kurmin kudancin Nijeriya akwai Anaphe venata, wadda ke cin ganyen wani dogon itacen katako da Yarbawa ke kira arere, masu sana'ar katako kuma su ce obeche. A bakin kurmi da gefen rafuka akwai Anaphe panda, wadda ta fi son itatuwan dangin kirni. Idan aka hauro arewa, inda kurmi ya ƙare aka shiga sarari mai itatuwa jefi-jefi, sai a tarar da masu cin ganyen doka da masu cin ganyen tsamiya. Bahaushe ya riga masana rarraba su ta wannan hanya, domin tun da daɗewa 'yan kasuwa suna bambanta tsamiyar doka da tsamiyar tsamiya. Sunan na biyun yana ba baƙo dariya, amma daidai yake: zaren tsamiya da aka samo daga itaciyar tsamiya. Ita doka kuwa sunanta na Hausa ne masana tsirrai suka ɗauka yadda yake, suka ce Isoberlinia doka.

Rayuwar tsutsar tana bin damina. Macen takan saka ƙwai tuli guda a bayan ganye, ta rufe su da gashin jikinta. Idan suka ƙyanƙyashe, tsutsotsin ba sa rabuwa. Tare suke ci, galibi da dare, da rana kuma su taru su dunƙule a jikin itace. Idan za su sauya reshe ko itace, sai su jeru, kan wannan a wutsiyar waccan, kamar ayarin fatake a kan siririyar hanya. Suna iya cinye ganyen itace guda ƙarƙaf. Jikinsu yana da gashi mai ƙaiƙayi irin na gizaka, wanda ke hana tsuntsaye da yawa taɓa su, kuma shi ne farkon wahalar duk mai sana'ar tsamiya. Bayan kamar wata uku suna ci suna saɓa, sai su daina cin abinci, su nemi wuri a reshe ko a jikin gindin itace, su fara saƙa.

A nan ne suka bambanta da tsutsar alharinin Sin. Waccan, da ake ciyarwa da ganyen tut, kowace ɗaya gidanta daban take saƙawa, da zare guda ɗaya mai tsawon ɗaruruwan mitoci, wanda ake jiƙawa a ruwan zafi a warware shi a naɗe. Tsutsar tsamiya gidan gandu take yi. Ɗaruruwansu kan haɗu su saƙa babbar jaka ɗaya, mai ɓawo a waje kamar busasshiyar fata, sannan kowace ta shiga ciki ta saƙa ɗan ɗakinta. Wani gidan bai fi dunƙulen hannu ba, wani ya kai ƙaramar ƙwarya. A ciki suke kwanciya duk tsawon rani, har ruwan farko ya sauka, su fito da fukafukai. Tun da baki ɗari ne ya yi saƙar, zaren ya sarƙe, babu bakin da za a kama a warware. Dole a bi da shi yadda ake bi da auduga, a sassauta shi, a kaɗa. Wannan ƙaramin bambanci shi ya yanke wa sana'ar hanyarta: ya sa ta dace da mazarin mace a ɗaki, ya kuma sa ta gagari injinan Turawa daga baya.

Tsintar gidajen aikin mutanen daji ne, mafarauta da manoman ƙauyukan da ke kusa da dazuzzukan doka, irin na ƙasar Bauchi da Adamawa da kudancin Zazzau. Da kaka zuwa rani ake yi, lokacin da ganye ya zube, gidajen suka fito fili. Lokacin tsinka yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wanda ya jira ƙwarin suka fita ya ɗebi fanko, ya bar iri don baɗi. Wanda ya tsinko tun suna ciki ya kashe zuriyar wannan itace gaba ɗaya. Daga hannun matsinta kayan kan shiga kasuwar ƙauye, fatake su tattara su a buhu. Kaya ne mara nauyi, ba ya ruɓewa, yana jure doguwar tafiya a bayan jaki, irin kayan da falke ke so ya cusa tsakanin kanwa da fatu.

Gyaran tsamiya kuwa aikin mata ne, kuma ba aiki ne mai daɗi ba. Da farko a farke gidan, a kakkaɓe ɓawon tsutsa da gashin da ya rage a ciki, ana yi hannu da wuya suna ƙaiƙayi. Sai a zuba a tukunya da ruwan toka, wasu su ƙara kanwa, a dafa na tsawon sa'o'i. Tsutsar takan haɗa zarenta da wani irin danƙo da ke mannewa, kuma ruwan toka ne ke narkar da shi. Idan aka sauke da wuri, zaren zai fito da tauri, ya ƙi kaɗuwa. Idan aka wuce gona da iri, zai yi rauni. Babu ma'auni sai ido da hannun wadda ta saba. Bayan dahuwa a wanke shi sau da yawa, a shanya, a tsefe da yatsu har ya yi laushi kamar sutun auduga. Abin da ke saura bayan duk wannan kaɗan ne idan aka gwada da tulin da aka zuba a tukunya, shi ya sa tun kafin ya hau mazari ya riga ya yi tsada. Daga nan sai kaɗi, da mazari da alli da 'yar taskira, kamar kowane zare. Matar da ta iya kaɗin tsamiya siriri ba ta neman mai saye. Dillaliya ce ke biyo ta har ɗaki.

Zaren da ya fito ba shi da walƙiyar alharinin Sin. Shekinsa a ɓoye yake, sai an sha sawa an sha wanki yake ƙara fitowa. Amma yana da ƙarfi fiye da auduga nesa ba kusa ba, kuma ba ya karɓar rini da sauƙi, saboda haka aka fi barinsa da launinsa na asali. Launin ya danganta da irin tsutsar da itacen da ta ci. Mai haske, wanda ya kusa fari, shi masu aikin riga suka fi nema. Mai duhu, ruwan ƙasa, ya fi shiga masaƙa.

Ba a rubuta ranar da aka fara kaɗin tsamiya a ƙasar Hausa ba, domin sana'o'in mata da na ƙauye ba su cika shiga littattafan tarihin sarakuna ba. Abin da ya tabbata shi ne Kano ta daɗe da zama garin saƙa da rini, kuma kasuwar Kurmi, da ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ita ce matattarar wannan ciniki. Zamanin da hoton sana'ar ya fito sarai shi ne ƙarni na 19, bayan jihadin 1804. Daular Sakkwato ta haɗa Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi da Adamawa da Nufe da Ilori a ƙarƙashin tuta ɗaya, sai ga dajin da ake tsintar tsamiya, da garuruwan da ake kaɗa ta, da waɗanda ake saƙa ta, duk sun zama ƙasa guda. Daular kuma ta buɗe wa riga wata babbar kasuwa da ba ta cikin rumfa. Sarki yana naɗa hakimi da riga da rawani. Yana saka wa jarumi da riga, yana sallamar malami da baƙo da riga, yana aika gaisuwa Sakkwato ko Gwandu da riguna. Riga ta zama kamar kuɗi, ta kuma zama shaidar matsayi da kowa ke iya karantawa daga nesa. Duk inda ake rabon riguna haka, dole a sami hanyar bambanta rigar waziri da ta dagaci, kuma yawan aikin da ke ƙirji da irin zaren da aka yi shi da shi suna cikin manyan alamomin.

Tsamiya ba ita kaɗai ce alharini a kasuwa ba. Tana da kishiya, baƙuwa daga arewa. Ayarin raƙuman da ke ƙetaro Sahara daga Tarabulus, ta Gadamas da Gat, yana kawo tarkacen alharinin da masaƙun Turai suka rage, an rina shi ja mai ɗaukar ido. Shi ake kira alharini, daga kalmar Larabci harir. Wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya ga wannan jan alharini a kasuwa, ya kuma lura ana saƙa shi ratsi-ratsi a cikin riguna mafiya kyau. Wani matafiyin, Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya lissafa shi cikin manyan kayan da ake shigowa da su, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Barth ya kuma lura da wani abu: duk da yawan masaƙansu, wasu manyan riguna, irin su rigar giwa, daga Nufe ake kawo su.

Kishiyoyin biyu sun raba aiki, ba su kori juna ba. Jan alharini ya tafi ga barage, da shafin da ake yi wa bakin riga ta ciki, wanda ke leƙowa idan mai riga ya naɗe hannunta a kafaɗa, da kuma adon wando. Tsamiya ta zauna a ƙirji da aljihu da bayan wuya. Inda ta fi fitowa shi ne a kan saƙi, wato tufar nan mai baƙin shuɗi da ɗigo-ɗigon fari, wadda Nufawa da Yarbawa duk suke kira da sunan zabuwa. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma wanda ya ga rigar saƙi da farin aikin tsamiya a kanta ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne ke tafe. Irin wannan riga ana harhaɗa ta ne da siraran ƙwarya, faɗin kowace bai fi yatsa biyu ba, kuma babba tana iya cin fiye da ɗari. Bayan an haɗa, sai mai zayyana ya zana fasali a kai: aska biyu, ko aska takwas, da tambari a gefe guda na ƙirji da wani a baya. Sannan maɗinka su zauna a zaure da allura, wata da watanni, suna cike ƙananan idanu dubbai da ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe a kai wa mabuga, su buge ta a kan gungume har aikin ya kwanta, tufar ta ɗauki sheki.

Da yawa daga masu zayyana da masu aikin riga malamai ne da almajirai, musamman a birnin Zazzau da Kano da Bida. Sana'a ce da ake yi a zaune, ba ta hana karatu, kuma hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo ba ya shan wuya wajen zana fasali a ƙirjin riga. Wannan ya sa wata tambaya ta fiƙihu ta zauna kusa da sana'ar. Shari'a ta hana namiji sa tufar alharini zalla, amma ta yi rangwame ga ɗan ado da bai wuce faɗin 'yan yatsu ba, kuma malamai sun yi saɓani a kan tufar da aka gauraya alharini da wani zare. Ba abin mamaki ba ne da alharini a ƙasar Hausa ya fi fitowa a matsayin ado da ratsi a kan auduga. Launin tsamiya mai kamun kai ya dace da wannan ɗabi'a. Ado ne na mai arziki da ba ya son a ce yana fahariya, ko da yake duk wanda ya san kasuwa ya san kuɗin da ke ƙirjinsa.

A ƙasar Yarbawa labarin ya sha bamban. A can sunan zaren sanyan, kuma saƙa shi ake yi ya zama tufa sukutum, ruwan ƙasa da farin ratsi a tsakiya. Sanyan na ɗaya daga cikin tufafi uku da Yarbawa suka fi girmamawa a saƙarsu ta gargajiya. Sauran biyun su ne etu, wato saƙi, da alaari, wanda sunansa alharinin Bahaushe ne ya sauya baki a hanya. Masaƙan Iseyin da Oyo da Ilori sun yi suna da shi, kuma shi sarakuna da manyan dattawa ke sawa a naɗi da biki da jana'iza. Ko da yake akwai tsutsar a kurminsu, abin da suke samu bai ishe su ba, sai fataken Hausa suka cike giɓin. A farkon ƙarni na 20, farar tsamiyar da ke gangarowa daga arewa ana kiranta Gambari a kasuwannin Yarbawa, sunan da suke kiran Bahaushe da shi. Can yamma kuma, matan Marka na Burkina Faso da Dogon na Mali suna kaɗa irin wannan zare, ana saƙa musu zannuwa masu shuɗi da farin ratsi, waɗanda ke cikin dukiyar da mace ke taƙama da ita.

Tsutsar kanta abinci ce a wurare da dama, a Kwango da kuma kudu maso yammacin Nijeriya, inda ake soya ta ko a zuba a miya da damina. Wannan ya jawo wani lamari da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. A yankin Ilesha, duk shekara tsakanin Yuli da Satumba, mutane kan kamu da wata karkarwa, tafiya ta gagare su, harshe ya yi nauyi. An fara bayyana cutar a rubuce a 1958, amma sai a 1993 wani likitan jijiyoyi ɗan Nijeriya, Bola Adamolekun, ya danganta ta da cin tsutsar Anaphe venata. Bincike ya nuna jikin tsutsar na ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, wanda zafin girki ba ya kashe shi da sauƙi. Wanda abincinsa ya dogara da rogo, dama bitamin ɗin ya yi masa ƙaranci, shi ya fi saurin faɗuwa. Maganin kuwa mai sauƙi ne: a ba shi bitamin ɗin.

Turawan mulkin mallaka sun hango tsamiya da idon riba. Ɗaya daga cikin ire-iren tsutsar ma an sa mata suna moloneyi a 1887, don girmama Alfred Moloney, gwamnan Legas na lokacin, mutum mai sha'awar albarkatun daji. A shekarun farko na ƙarni na 20 an riƙa aika gidajen tsutsar daga Nijeriya da Yuganda zuwa Landan don a gwada ko za su yi amfani a masaƙun Ingila. Jamusawa sun yi nasu yunƙurin a yankin Bukoba, gaɓar tafkin Biktoriya, kafin yaƙin 1914. Duk ba a je ko'ina ba. Gashin yana damun ma'aikata, abin da ke fita bayan dahuwa bai taka kara ya karya ba, ba a iya warware zaren, kuma babu wanda zai iya alkawarin buhu nawa daji zai bayar baɗi. Masana'anta tana son abin da za ta ƙirga tun kafin ya zo. Tsamiya kuwa shekara ce ke yanke mata hukunci: wata shekara itatuwa su cika da gidaje, wata shekara a yi ta yawo a dawo hannu rabbana. Saboda haka ta tsira daga zama kayan fitarwa waje kamar gyaɗa da auduga, ta ci gaba da zama kayan kasuwar gida.

Abin da ya raunana ta daga wani gefe ya zo. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, a shekarar da Italiya ta kai wa Tarabulus hari, kuma cinikin Sahara ya mutu a hankali. Jan alharini ne ya fara ɓacewa, zaren kanti mai launi iri-iri ya maye gurbinsa. Yadin Turai ya cika kasuwa, sannan masaƙun zamani suka buɗe a gida, irin ta Kaduna a 1957. Mata suka rage kaɗi, domin zaren inji ya fi araha, kuma 'yar da ba ta koyi kaɗin auduga ba ba za ta iya na tsamiya ba. Shadda ta karɓe matsayin saƙi a jikin manya. Keken surfani ya zo yana gama cikin kwana biyu abin da hannu ke yi a wata uku, da zaren roba mai walƙiya wanda ya fi burge idon da bai san tsamiya ba. A ƙasar Yarbawa masaƙa suka koma rina auduga ruwan ƙasa suna kiranta sanyan, har yau mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna babu alharini ko ɗaya a cikinsa.

Daji ma ya ja baya. Dazuzzukan doka sun sha sara don noma da itacen girki da gawayi, ga gobarar daji ta kowane rani da ke ƙone gidajen tun ƙwarin suna ciki, ga maganin feshi na gonaki. Arere na cikin itatuwan da aka fi sara don katako a kurmin Afirka ta Yamma. Itaciyar tsamiya ce kaɗai ta ɗan sami sauƙi, domin manomi ba ya son sare ta: tana ba da 'ya'ya da inuwa, kuma tsohon imanin cewa matattarar iskoki ce ya kare ta daga gatari fiye da kowace dokar gandun daji. Amma tsamiya ɗaya tilo a tsakiyar gonar da ake fesawa ba daji ba ce. Halittar da ke rayuwa a gandu, wadda ke cinye ganyen itace guda ta jera zuwa na gaba, tana bukatar itatuwa kusa da juna.

A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi aiki da mutanen da ke zagaye da kurmin Kakamega, inda ake rufe rassan da tsutsar Anaphe panda ke kai da raga don kare ta daga tsuntsaye da zanzaro, a kuma dasa itatuwan da take ci, don manomi ya ga amfanin barin kurmi a tsaye. Wannan ya yi kusa da kiwo, amma har a can ɗin a kan itacenta ake barin tsutsar.

A ƙasar Hausa sana'ar ta ƙanƙance amma ba ta mutu ba. Aikin hannu ya ci gaba a birnin Zazzau da Kano, kuma tun daga shekarun 1970 mata sun shiga ɗinkin manyan riguna, wanda a da na maza ne. Masu sarauta da attajiran da suka san bambanci suna ba da aikin rigar tsamiya don naɗi ko hawan salla, a jira ta watanni. Tsofaffin rigunan ƙarni na 19 kuma suna ajiye a gidajen sarauta da gidajen tarihi na Landan da Balin. A wasunsu audugar ta fara lalacewa a kafaɗa da bakin aljihu, aikin tsamiyar kuwa yana nan daram.